Na gama digiri ina son zama kwansaltan na bayanai, ta ina zan fara?

ɗan_ƙididdiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Wata bakwai kenan da na gama digirina na farko a fannin ƙididdiga, kuma tun ina aji uku burina shi ne in zama cikin mutanen nan da kamfani ko ƙungiya ke kira su ce ga bayananmu nan sun taru sun mana yawa, ku duba mana me ke faruwa kuma me ya kamata mu yi.

Abin da na iya dai ga shi: a makaranta mun yi R da SPSS, manhajojin lissafin ƙididdiga, da SPSS ɗin na yi furojet ɗina na ƙarshe, Excel kuma ina taɓawa daidai gwargwado. Bayan na gama na yi kwas ɗin Google na nazarin bayanai a Coursera na karɓi satifiket, a nan na fara ganin SQL, yaren yi wa rumbun bayanai tambaya, da Tableau, manhajar zana bayanai. Na ɗan yi wasa da bayanan Kaggle, shafin da ake samun bayanan gwaji, guda biyu uku na sa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu.

Matsalar ita ce na tura takardar neman aiki ta fi talatin, biyu ne kawai suka kira ni intabiyu, kuma duka biyun tambaya ɗaya suka kashe ni da ita, wai wane aiki na taɓa yi wa wani. To ni ta ina zan samu gogewar in ba wanda ya ba ni aikin? Wani abokina yana ta zuga ni wai in daina jiran kowa in yi rajistar kamfanina in fara neman kwastomomi da kaina, wani kuma ya ce in koma in yi digiri na biyu tukuna. A gida ma in na ce aikin data nake so sai a ɗauka data ta waya zan riƙa sayarwa, na rasa wanda zan zauna da shi ya gane abin da nake nufi. Wlh abin ya fara damuna sosai.

Tambayata uku ce: in nemi aiki a ƙarƙashin wasu ne ko in fara da kaina, me ya kamata in ƙara koya, sannan satifiket ɗin nan suna da amfani kuwa ko ɓata lokaci ne? Nagode.

tsohon_hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu saboda kusan duk abin da ka faɗa na ratsa ta cikinsa, yanzu shekarata ta tara a aikin nan, huɗu a ƙarƙashin wani kamfani biyar ina cin gashin kaina.

Bari in fara faɗa maka abin da ba a faɗa a kwas. Wanda ya kira kwansaltan ba zane mai kyau yake saye ba, ba kuma Python, yaren rubuta manhaja, yake saye ba, abin da yake biya shi ne wani ya ɗauke masa ruɗani ya ce masa yi kaza bar kaza, kuma ya iya tsayawa a kan maganar in an titsiye shi. To wannan sai wanda ya ga matsaloli iri-iri da idonsa, shi ya sa nake ganin shawarar abokinka ta buɗe kamfani yanzu ta yi wuri. Ba raina ka nake ba wlh, amma in manaja mai shekara ashirin a sana'arsa ya ce maka alƙaluman nan naka ba su yi daidai da abin da nake gani a ƙasa ba, me za ka ce masa?

Ni aikina na farko da aka tura ni ni kaɗai, wani kamfanin rarraba kaya ne suka ce cinikinsu ya faɗi suna son a yi musu dashbod, wato allon da ke nuna alƙaluma a zane, su riƙa gani. Na zauna sati uku na haɗa musu abu mai kyau a manhajar Power BI, launi-launi, ana danna nan can ya canza. Ranar da na gabatar shugaban ya kalla bai fi minti biyu ba ya ce to madalla, yanzu me zan yi ranar Litinin? Na yi shiru, don ban taɓa tambayar kaina haka ba. Ogana ne ya cece ni, ya koma ya zauna da direbobi da masu sito kwana biyu yana ta tambayarsu, ashe cinikin bai faɗi yadda ake zato ba, wani reshe ne ya canza manhajar da yake shigar da rasit, rabin cinikinsa ba ya shigowa babban rumbun. Ni na zana ramin da ke cikin bayanan da kyau, ban tambayi me ya haƙa shi ba. Tun daga ranar kafin in buɗe kwamfuta sai na tambayi kwastoma abu biyu: wace shawara kake son yankewa da wannan aikin, kuma waye ke shigar da bayanan nan da hannunsa, ina son in gan shi.

Don haka shawarata ka nemi shiga ƙarƙashin wasu na shekara biyu ko uku. Manyan nan huɗu, Deloitte da PwC da EY da KPMG, duk kamfanonin ba da shawara ne, suna ɗaukar waɗanda suka gama karatu kwanan nan kuma suna da sashen bayanai, haka Accenture. McKinsey da BCG da Bain ƙofarsu ta fi ƙunci, intabiyunsu ma daban ne, matsalar kasuwanci za su ba ka su ce warware ta da baki a gabansu suna kallon yadda kake tunani. Ka gwada su amma kar ka rataya ranka a kansu. Ƙaramin kamfanin shawara mai mutum goma sha biyar sau da yawa ya fi koya maka aiki, saboda a can babu inda za ka ɓuya, kai za ka goge bayanan, kai za ka rubuta rahoton, kuma za a shiga da kai ɗakin taro tun watan farko. Kuma kar ka kafe sai aikin da aka rubuta kwansaltan a jikinsa, in banki ko asibiti ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji na neman mai nazarin bayanai ka shiga, shekara biyu a ciki za ka san harshen wannan fannin, kuma shi ne abin da za ka sayar daga baya. Wanda ya san bayanan lafiya ciki da waje ya fi wanda ya ce shi komai yana yi samun kira.

Digiri na biyu kuwa ka ajiye shi tukuna, in ka yi aiki ka ga inda kake da giɓi za ka fi sanin wanda za ka karanta.

uwar_alƙaluma:

Yaya tsohon_hannu ka yi magana mai kyau amma akwai inda ban bi ka ba gsky. Yaron nan ya ce ya tura takarda talatin ana ce masa ba shi da gogewa, kai kuma ka ce ya je ya nemi aiki ya samu gogewa, ai nan ɗin ne dai ya maƙale.

Ƙanena ni ban taɓa aiki a babban kamfani ba, kuma ban ce ka je ka yi rajistar kamfani ka buga kati ba, wannan kam bar shi. Amma ba sai ka jira an ɗauke ka za ka taɓa bayanan gaske ba. Duba kusa da kai, akwai makaranta mai zaman kanta da ba ta san ɗalibai nawa ne ke binta bashi ko take bi ba, akwai ƙaramin asibiti da maganinsa ke ƙarewa ba a sani ba sai an zo nema, akwai ƙungiyar da ta tara takardun tambayoyi ɗari biyar a kwali an rasa mai shigar da su. Ka je wajen ɗaya ka ce ka ba ni sati biyu in duba maka abu ɗaya tak. Ni haka na fara, da wata ƙungiyar mata da ke ba da rance, littattafai huɗu aka miƙo min rubutun hannu, sunan mace ɗaya an rubuta shi iri uku, kwanan wata kuma wani wuri an fara da wata, wani wuri an fara da rana, wasu shafukan ruwa ya taɓa su. Kwana tara na yi ina gyara kafin in yi lissafin da bai ɗauke ni awa biyu ba. Da na gama na nuna musu cewa yawancin masu makara wajen biya waɗanda aka ba rance a wasu watanni biyu ne na shekara, suka canza lokacin bayarwa. Sannan na haɗa musu fom a KoboToolbox, kyauta ne kuma yana aiki a waya ko babu intanet, suka daina littafi. Shugabar ce ta haɗa ni da kwastomana na biyu, na biyun ya haɗa ni da na uku.

Abin da ya sa nake cewa bayanan Kaggle ba za su kai ka ko'ina ba, an riga an wanke su an goge, kuma mutum dubu nawa ne suka yi nazarin bayanan fasinjojin jirgin ruwan Titanic ɗin nan da ke can? Mai ɗaukar aiki ya gaji da ganinsa. Amma ka ce masa na je wuri kaza na tarar da kaza, na yi kaza, suka canza kaza, ko shafi ɗaya ne, nan za ka ga ya gyara zama. In ma ba ka samu kowa ba tukuna, ɗauko bayanan Bankin Duniya ko na Hukumar Lafiya ta Duniya, suna nan a buɗe kyauta, ka ɗora wa kanka tambaya ɗaya ta gaske ka amsa ta a rubuce yadda wanda bai yi ƙididdiga ba zai gane.

Abu ɗaya dai, aikin kyauta kar ya wuce ɗaya ko biyu, kuma ko kyautar ce a rubuta iyakarsa. In ba haka ba za ka wayi gari kai ne mai gyaran firinta.

ɗan_ƙididdiga:

Allah ya saka da alheri Yaya, Anti ke ma na gode ƙwarai, wlh maganar Titanic ɗin nan kamar kin leƙa GitHub ɗina don shi ne na farko a ciki. Na fahimci maganarku ba ta ci karo ba sosai, in yi ƙaramin aiki na gaske in riƙe shi in nemi babba da shi. Amma batun abin da zan ƙara koya fa? Kowa na ta maganar Python da koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta hasashe daga bayanai, da AI, ina tsoron kar a bar ni a baya, har na fara tunanin in ajiye R in koma Python daga farko. Kuma ba wanda ya taɓa maganar satifiket.

mai_rumbu:

Malam kar ka ajiye R, wanda ya iya R sati kaɗan zai kama pandas, kayan sarrafa tebur na Python, tunanin ɗaya ne rubutun ne ya bambanta. Ni injiniyan bayanai ne, ina zama a intabiyu idan za mu ɗauki sababbi, kuma inda suke faɗuwa kullum SQL ne ba koyon na'ura ba. Sauke PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a kwamfutarka, kyauta ne, ka zuba tebur uku huɗu masu alaƙa da juna ka yi ta yi musu tambaya har sai JOIN da GROUP BY, umarnin haɗa tebur da na tarawa rukuni-rukuni, sun zama maka kamar shan ruwa. Tambayar da nake yawan yi ita ce, ga teburin oda ga teburin biyan kuɗi, haɗa su ka ba ni jimillar ciniki. Yawanci sai su haɗa su tara su miƙo, ba su lura cewa wanda ya biya kashi biyu odarsa ta fito sau biyu ba, jimillar ta kumbura. Wanda ya tsaya ya ƙirga layukan kafin haɗawa da bayan haɗawa, ko bai ƙarasa ba ni na ɗauke shi.

Kuma kar ka raina Excel, ka ce kana taɓawa daidai gwargwado, to bai isa ba, don duk abin da ka yi a ƙarshe kwastoma a Excel zai ce ka turo masa. Koyi kayan aikinsa irin su Pivot Table da XLOOKUP da Power Query sosai, sannan ka san inda yake cutar da mutum. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano sakamakon gwajin korona kusan 16,000 bai shiga ƙididdigarta ba, dalili kawai an yi amfani da tsohon tsarin fayil na XLS wanda ba ya ɗaukar layi sama da 65,536, da ya cika sai sauran suka zube ba ƙara ba gargaɗi. Sabon tsarin XLSX yana kai layi 1,048,576 amma shi ma yana da iyakar. Masu binciken ƙwayoyin halitta kuwa Excel ya yi ta mayar musu da sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata, har a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya canza wa wasu suna saboda haka.

Akwai labarin da nake son kai musamman ka riƙe tunda kana ganin kai sabo ne. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike cewa ƙasar da bashinta ya wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa, bunƙasarta na durƙushewa, 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon a jami'ar Massachusetts Amherst, aikin aji aka ba shi ya maimaita lissafin, ya yi ya yi bai fito ba, ya nemi fayil ɗin nasu suka turo masa, sai ga shi wajen ɗaukar matsakaici an bar ƙasashe biyar a waje. Ɗalibi ne fa, abin da ya yi kawai bai yarda da lamba ba sai da ya gwada ta da hannunsa. Wannan halin kana iya zuwa da shi tun ranar farko, ba ya buƙatar shekara goma.

Satifiket kuma, wanda kake da shi ya isa a irinsa, kar ka tara goma. In za ka ƙara ɗaya yi PL-300 na Microsoft, jarrabawar Power BI ce ta gaske da ake sa ido, wasu kamfanonin na tambayarta. Power BI Desktop kyauta ne amma a Windows kawai yake aiki. AI ɗin ma yi amfani da shi, yana rubuta SQL da sauri, sai dai in ba ka iya karanta abin da ya rubuta ba ba za ka gane ranar da ya ninka maka jimilla ba.

uwar_alƙaluma:

Na dawo don na manta abu mafi muhimmanci, kuma maganar AI da Malam mai_rumbu ya yi ce ta tuna min. Ƙanena bayanan mutane amana ce, ranar da aka miƙa maka fayil mai sunaye da lambobin waya da bashin mutane ko cutar da ke damunsu, ka san an ɗora maka kaya. Kar ka kwafa ka liƙa a ChatGPT don ya taya ka, kar ka ɗora a Tableau Public don duk abin da ka wallafa a can kowa na iya gani, kar ka sa a GitHub wai kana nuna aikinka. In za ka nuna aikin ka nemi izini a rubuce, ka canza alƙaluman ko ka ƙirƙiri na bogi masu kama da su. Kuma cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanai, nemi ta inda kake ka karanta, ta Tarayyar Turai da ake kira GDPR ta fara aiki 25 ga Mayun 2018, tararta na iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara, kuma tana iya shafarka ko ba a Turai kake ba in bayanan mutanen can ne ka riƙe wa kwastoma.

Sannan takarda. Ko aikin kwana biyar ne ku rubuta shafi ɗaya ku sa hannu: tambayar da za a amsa, bayanan da za su ba ka da ranar da za su ba ka, abin da za ka miƙa, gyara sau nawa, da yadda za a biya. Ni na taɓa karɓar aikin wata ɗaya da baki kawai ya koma wata huɗu, kullum sai an ce ɗan ƙara mana wannan, kuma a ƙarshe rabin kuɗin ban gani ba har yau. Ban ga laifin kowa ba sai rashin takardar. Yanzu ina karɓar wani kaso kafin in fara, duk abin da aka ƙaro kuma sai mu rubuta shi daban da kuɗinsa.

tsohon_hannu:

Hajiya na karɓi gyaranki, gaskiya ne ban ba shi hanyar fita daga inda ya maƙale ba. Abin da zan ƙara kawai ƙanena, takarda talatin ɗin nan da ka tura in iri ɗaya ce ka tura wa kowa to kamar guda ɗaya ka tura. Zaɓi wurare biyar, ka nemi waɗanda suka yi makarantarku da ke aiki a can ta LinkedIn, kar ka ce su ba ka aiki, ka ce su ba ka minti goma sha biyar su faɗa maka yadda aikinsu yake. Kuma ka koyi rubuta shafi ɗaya da amsar ke layin farko, mu 'yan ƙididdiga an koya mana mu fara da hanyar da muka bi mu ƙare da sakamako, manaja kuwa sakamakon yake so a sama, in ya ga dama ya tambayi hanyar. In ka gama aikin farkon turo min shafin ta akwatin saƙo in duba maka, ka dai cire sunan wurin da na mutane.

ɗan_ƙididdiga:

Na rasa bakin godiya wlh, Allah ya ƙara girma ya biya ku. Na sauke PostgreSQL ɗazu, na gwada abin da Malam mai_rumbu ya faɗa da tebur biyu na bogi kuma jimillar ta ninku kamar yadda ya ce, sai da na ƙirga layukan na ga inda ta shigo. Akwai wata makaranta da wani malamina na sakandare ke riƙe da ita, ya taɓa min kukan ba su san dalilin da ɗalibai ke raguwa daga aji uku zuwa huɗu ba, gobe in sha Allah zan kira shi. Anti dan Allah takardar shafi ɗayan nan, tunda su ba biya za su yi ba me zan rubuta a wajen biyan, in bar shi fili ne ko in rubuta cewa ladana shi ne izinin nuna aikin bayan na cire sunaye?